Not allowed, to wa zan je in roƙa?

Kalmar da ta fi ci min rai tun zuwana Ingila ita ce allow, ko in ce not allowed, wato ba a yarda ba, don a haka na fi jin ta. Awa 20 kacal aka yarda ɗalibi ya yi aiki a sati lokacin karatu, ka haura bizarka ta shiga haɗari. Wannan na haƙura. Amma maganar iyali wallahi ta ƙi wuce min, tun Janairun 2024 aka hana masu digiri na biyu na aji su taho da mata da yara, sai masu bincike irin su PhD, ni kuma dokar ta rutsa da ni.

Na je wajen mai kula da ɗaliban waje a makarantarmu, mace mai kirki, ta saurare ni tsaf har da miƙo min tishu, sannan ta ce it's not allowed. Na ce to ranki ya daɗe wa zan gani? Babu kowa. A gida izini ai a hannun mutum yake, in Baba ya ce a'a ka san hanya, ka bi ta wajen Hajiya ko Kawu, ka bari sai ya idar da isha'i ya ci tuwo sannan ka durƙusa ka sake kawo maganar. Nan ba ka ma san wa ya hana ka ba balle ka ba shi haƙuri.

Malamin Turancinmu ya ce daga Faransanci kalmar allow ta shigo bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, ɗaya daga tushenta a Latin kuma yabo ne, abin da ka yaba shi ka amince da shi. Alawus ɗin da muke cewa ma danginta ne.

Karatu kam alhamdulillah ina yi, ba na jin kunyar kowa a aji. Sai dai 'yata ta fara tafiya a bidiyon WhatsApp na gani, in na kira ɓuya take yi bayan zanin uwarta. Ƙafar Hajiya ta sake kumbura, ƙanena ke kai ta asibiti a Keke Napep, uwargida kuma ta daina tambayata yaushe, abin da ya fi damuna ke nan. Yanzu kuɗin tikitin Disamba nake tarawa daga awa 20 ɗin nan bayan na cire haya.