Lambar 8128 da Abin da Ke Cikinta

Jiya da yamma na zauna da alli ina rarraba lambar 8128, kuma har yanzu tana ba ni mamaki. Idan aka tattara dukkan lambobin da ke raba ta ba tare da ragowa ba, ban da ita kanta, daga 1 har zuwa 4064, jimillarsu 8128 ce cif. Masana lissafi suna kiran irinta cikakkiyar lamba, kuma ita ce ta huɗu bayan 6, 28 da 496.

Abin da ya fi burge ni shi ne, da za a jera buhunan masara a kasuwar Tudun Hatsi nan Gombe, 127 a ƙasa, kowane layi yana raguwa da ɗaya har tsini, buhu 8128 za a ƙirga. Cikakkiyar lamba ta biyar kuwa sai an kai 33,550,336.