Mako na 9 cikin 16: a rage gudu a ranakun sassarfa

'Yan'uwa masu shirin gudun fanfalaki, mun shiga mako na 9, kuma jimillarsa kilomita 60 ce. Talata 11, Laraba 8, Alhamis 10, Asabar 7, Lahadi dogon gudu na kilomita 24. Litinin da Juma'a hutu ne, kada a taɓa su.

Matsalar da ta fi yawa a wannan mataki ita ce ranakun sassarfa. Jiki ya fara ƙarfi, numfashi ya daidaita, sai mutum ya ga ai Laraba ma zai iya ɗan matsawa. Nan ake ɓata shiri. Idan aka yi gudun Laraba da zafi, tsokar da Talata ta gajiyar ba ta samu ta farfaɗo ba, Alhamis kuma a fito da ƙafa mai nauyi. Ma'auninmu mai sauƙi ne: in ba za ka iya yin cikakkiyar magana da na gefenka ba tare da haki ba, gudunka ya yi yawa. Kusan kashi 80 cikin 100 na kilomitocin mako da irin wannan sassarfar ya kamata a yi su.

Ku dubi Eliud Kipchoge na Kenya. A gasar gudun fanfalaki ta Balin, babban birnin Jamus, a 2022, ya gama kilomita 42.195 cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9, wato kusan minti 2 da daƙiƙa 52 a kowace kilomita. Amma a wancan lokaci, a sansaninsu na Kaptagat a Kenya, ƙarƙashin mai horarwa Patrick Sang, mafi yawan kilomita 200 da wani abu da yake yi a mako cikin natsuwa yake yin su, zafin sai a ranakun da aka ware. Yana kuma rubuta kowane atisaye a littafi. Wannan ɗabi'a tasa ta fi komai burge ni, domin littafin ne ke nuna wa mai gudu inda gajiya ta faro tun kafin ta zama rauni. Kowa ya rubuta nisa, lokaci, awannin barci, da inda ya ji ciwo.

Atisayen Talata: sassarfar ɗumama jiki kilomita 2, sannan mita 1,000 sau shida, da sassarfar minti 2 a tsakani, sauran a huce da shi. Na shida ya zo daidai da na farko. In saurinsa ya ragu sosai, an fara da gaggawa.

Dogon gudun Lahadi ya wuce minti 90, don haka sukarin da tsoka ta ajiye zai fara raguwa. Wannan ne ke tsayar da mutane cak a wajen kilomita ta 30 ranar gasa. A fara koya wa ciki karɓar sukari tun yanzu, giram 30 zuwa 60 a awa, da ruwa kaɗan-kaɗan. Wanda ya bari sai ranar gasa, ciki zai murɗa masa.

Ciwon ƙwauri da na agara yawanci daga ƙara nisa da sauri suke zuwa, ko daga takalmin da ya haura kilomita 700 ya mutu. Ciwon da ke tsayawa wuri ɗaya a kan ƙashi, yana ƙaruwa in ana gudu, a dakata a ga likita.

Mako na 10 dogon gudu zai kai kilomita 26, na 12 kuma za mu sauke jimilla zuwa 45 domin jiki ya huta.