Idan oga ya ce "kai dai sa hannu kawai"

Ƙannena masu fara aiki, akwai aikin da oga zai turo maka don kawai baya so sunansa ya fito a ciki, shi ne Turawa ke kira dirty work. Wani mara daɗi ne kawai, kamar a ce je ka gaya wa leburori an sallame su, ko ka je karɓo bashi wajen mai bakin tsiya, wannan ka daure ka yi, zagi ne za ka sha ya wuce. Wanda nake tsorata muku shi ne mai haɗe da ha'inci.

Ina kula da sito a wani kamfanin gine-gine lokacin, tirela ta sauke siminti na ƙirga buhuna basu kai abin da ke takarda ba, na samu manaja, ya dafa kafaɗata yana dariya wai "kai dai sa hannu, ragowar na hanya, ni ne fa." Ni kuma ina jin an mai da ni ɗan gida, ga ɗan na shan ruwa da yake miƙo min ƙarshen wata, sai abin ya zama kullum. Ranar da masu odit, wato masu binciken lissafin kamfani, suka zo sa hannuna ne a kowace takarda, nasa ko ɗaya babu, wallahi mutumin nan ya kalle ni a gabansu kamar yau ya fara ganina. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai da dangi suka haɗa kuɗi aka biya, aikin kuma ya tafi.

Kuma ba a nan kaɗai ake yi ba. A Amurka, mutum biyar aka kama a 1972 sun fasa ofishin jam'iyyar adawa a ginin Watergate, bincike ya bi har fadar shugaba Nixon, ya sauka a 1974, wanda ya gaje shi ya yafe masa bai kwana ko ɗaya a gidan yari ba, amma John Mitchell da ya taɓa zama ministan shari'arsa sai da ya yi wata 19 a ciki.

To abin da na koya, in an sa ka abin da zuciyarka ta ƙi, ka ce da ladabi "ranka ya daɗe a ɗan turo min a rubuce ko ta WhatsApp ne." Mai gaskiya zai turo, wanda ya fara hura hanci yana cewa baka yarda da ni bane, ka riga ka samu amsarka. Ka rubuta adadin da idonka ya gani, ka ɗauki hoton takardar ka ajiye. Sannan masu cewa ara min akawun ɗinka za a turo kuɗi in baka kaso, kada ka soma, tun 2014 da aka kawo BVN akawun yana ɗaure da yatsunka da hotonka, in EFCC ta biyo sawun kuɗin ƙofar gidanku za ta fara bugawa.