Tsakanin koci da coci

Asabar da asuba na ga wani yaro ɗan ajin farko ya shigo filin gudu kai tsaye daga kwanan addu'a, rigar mawaƙa a jakarsa, ido jajur. Ya zauna ɗaura takalmi, ya zaro ƙwaya ɗaya daga safa, ya kora da guntun shayi. Ban tambaye shi ba. Tiramol ce, na san ta kamar yunwar cikina.

Ƙannena, laifina a shekarun da nake wa jami'a gudun mita 1500 shi ne ban taɓa ce wa kowa a'a ba. Koci na son kwana shida a mako, idan wasannin jami'o'i na FENASU, hukumar wasannin jami'o'in Kamaru, sun matso kuma safe da yamma. Zumuntar ɗalibai Kirista na son nazarin Littafi Mai Tsarki ran Talata, koyon waƙa ran Alhamis, kwanan addu'a ran Juma'a, sujada ran Lahadi. Na amsa duka, barci ya koma awa huɗu. Ga shi azumin kwana arba'in kafin Ista yakan faɗa cikin Maris, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40. Sai in kame baki har da ruwa, ƙarfe huɗu na yamma kuma in yi mita 400 sau goma. Mai yin haka yakan zubar da kilo biyu na ruwa ta gumi, fitsari ya koma kalar shayi, sharaɓa ta ɗaure, zuciya ta ƙi sauka ko bayan hutu. A wannan giɓin ƙwaya ke shigowa. Ba ƙarfi take ƙarawa ba, ciwo take ɓoyewa, har ciwon ƙauri da hutun mako biyu zai warkar ya zama tsagewar ƙashi. Ta bakin titi wata miligiram 225 ce, alhali iyakar da likita ke ba babba a yini 400 ce. Guda biyu ka wuce gona da iri, daga nan jijjiga irin ta farfaɗiya.

Zan iya cewa ba wanda ya faɗa mana, kuma da gaskiyata, don sai ranar 1 ga Janairu 2024 WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, ta hana ta a lokacin gasa. Amma ai a safa nake ɓoye ta. Abin da ya fi ci mini rai, duk sanda 'yan ƙungiya suka kawo laya ko ruwan da za a yayyafa wa riguna, ni ke miƙewa in ce ni na Almasihu ne, ba ruwana. Ban yi nadamar ƙin ba, ko yau zan ƙi. Sai dai ina wa'azin nan, tawa layar, wato ƙwayar, na manne da idon sawuna. Har Filibiyawa 4:13, ayar da ke cewa zan iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa ni, na mai da ita laya, na rubuta a takalmi, alhali Bulus maganar jure ƙoshi da yunwa yake yi, ba cin lamba ba. Abokanmu Musulmi sun fi mu dabara: watan Ramadan sai su sassauta, su mai da horo mai nauyi bayan buɗa-baki. Ni girman kai ya hana ni koyo.

Karatu ne ya biya bashin. Kowane zango kiredi 30 ne, lisans, wato digirin farko, 180, kuma gwajin tsakiyar zango da ka rasa don atisaye shi zai ja makinka ƙasa da 10 bisa 20, wato ka faɗi. Na maimaita shekara, gida suka sake neman jaka hamsin ta kuɗin makaranta.

Na zo da shawara goma, ga abin da ya rage. Makon farko na zango kai wa koci jadawalin coci, kai wa fasto ko fada jadawalin koci, a takarda. Eric Liddell da kuke yawan ambata, wanda ya ƙi gudun mita 100 ran Lahadi a gasar Olamfik ta Paris a 1924 ya kuma ci zinariya a mita 400, watanni kafin gasar ya san jadawalin, ya sanar, ya sauya horo. Ku kuwa sai an hau mota za ku tuna Lahadi ce. Kada ku bar sujada don wasa. To amma idan ƙungiya ta dogara da kai, ka yi alkawari, je sujadar farko ta safe ko ta yammacin Asabar, ka fito fili. Na san na ce abu biyu, ku ji da shi.

Kwanan addu'a da horo mai nauyi ba sa haɗuwa cikin awa 24, zaɓi ɗaya. Idan za ka yi azumi, yi shi ranar hutu, ko ka kame daga abinci ka bar ruwa. Hau sikeli kafin horo da bayansa, kowane kilo da ya tafi ka mayar da lita ɗaya da rabi. Cikin lita guda zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri.

Kuma don Allah ku daina durƙuso a bakin layi sai kun tabbatar aboki ya saita waya. Ayar da kuka liƙa a Facebook da dare, da safe ko surarta ba ku iya faɗa. Mu aƙalla wautarmu ba ta da hoto.

Yaron nan ya yi zagaye takwas lafiya, a na tara ya tsaya bakin fili yana kelaya amai. Na miƙa masa gorar ruwana, na ce, “Ƙanena, cire safar nan in gani.”