Indiyar da fim ba ya nunawa: rigimar ƙirga da takarda

Duk wanda ya taɓa zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma a Katsina ko Daura neman takardar shaidar ɗan asali, aka ce masa ya koma ya samo sa hannun mai unguwa da na hakimi tukuna, to ya kama bakin zaren matsalar Indiya ko da bai taɓa hawa jirgi ba. Mu nan Indiya ta shigo mana ne ta fim, da babur ɗin Bajaj, da kwalin magani, da asibitocin Delhi da ake kai masu ciwon ƙoda. Su kuwa can abin da ke hana su barci shi ne wa aka ƙirga, a wane rukuni aka saka shi, wace takarda ce kuma a hannunsa. Gurbin karatu, aikin gwamnati, shinkafar tallafi, kujerar majalisa, har zama ɗan ƙasa, duk a wannan ƙusa suke rataye.

Tushen abin shi ne asali. A tsarin Hindu na dauri mutane hawa huɗu ne: Brahmin malaman addini, sai mayaƙa da masu sarauta, sai fatake, sai masu aikin ƙarfi. A ƙarƙashinsu akwai waɗanda ba a ma sa su cikin lissafi ba, masu jima da shara da kwasar bahaya, waɗanda yau ake kira Dalit. Amma a zaman yau da kullum ba hawa huɗun nan ake kallo ba, jati ake kallo, wato zuriyar sana'ar da aka haifi mutum a cikinta, kuma jati dubbai ne. Bahaushe zai ce ai mu ma muna da maƙera da mahauta da wanzamai. Haka ne, kuma kowa ya san yadda ake tauna magana idan ɗan wanzami ya zo neman aure a wani gidan. Sai dai ɗan wanzami a Ƙofar Marusa yana haɗa kafaɗa da kowa a sahu, yana sa hannu a kwano ɗaya da ɗan sarki. A ƙauyukan Indiya da yawa har gobe Dalit rijiyarsa daban, kofin shayinsa daban, kuma ango Dalit da ya hau doki ranar bikinsa yakan nemi rakiyar 'yan sanda don kada a jefe shi.

Doka ta daɗe da haramta wannan. Kundin tsarin mulkin da ya fara aiki ran 26 ga Janairun 1950, wanda Dakta Ambedkar, shi kansa Dalit, ya jagoranci rubutawa, ya soke ƙyamar taɓawa a sashe na 17. Aka kuma ware kaso a makarantu da ayyukan gwamnatin tarayya: kashi 15 cikin 100 na Dalit, kashi 7.5 na ƙabilun daji da tsaunuka. A 1990 gwamnatin V. P. Singh ta ƙara kashi 27 na ayyukan gwamnati ga sauran rukunonin da aka bari a baya, bisa rahoton hukumar Mandal, ɗalibai 'yan manyan jati suka yi ta zanga-zanga har wasu suka cinna wa kansu wuta. Kotun ƙoli ta amince da shi a 1992 bisa sharaɗi biyu: kada jimillar kason ta wuce rabi, kuma a cire masu hali daga cikin rukunin na uku. A 2019 aka sake yanko kashi 10 ga talakawan manyan jati.

A takarda abin gwanin sha'awa. Wajen karɓa ne ake gane ba a nan gizo ke saƙar ba. Yaro ba ya shiga kason sai da takardar shaidar jati daga ofishin gunduma, kuma jati ta uba ake bi, don haka sai ya kawo takardar mahaifinsa ko ta wani dangin uba, da shaidar cewa gidansu ya daɗe a jihar. Matar da miji ya gudu ya bari da 'ya'ya nan take maƙalewa. Jerin sunayen jati na tarayya daban, na kowace jiha daban, sai ka ga zuriya tana cikin wannan ba ta cikin wancan. Wanda ya bar jiharsa ya tafi ci-rani wata, takardarsa ba ta ba shi kason sabuwar jihar. Ɗan rukuni na uku kuma sai ya riƙa sabunta shaidar cewa kuɗin shigar gidansu bai kai rufi dubu 800 a shekara ba. Wanda ya iya zirga-zirgar ofis shi ke ci, wato wanda ubansa ya riga ya yi boko. Hukumar da gwamnati ta kafa a 2017 ƙarƙashin Mai shari'a Rohini ta duba wannan rukuni, ta tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na zuriyoyin sun kwashe kusan dukan guraben, wasu zuriyoyi wajen 1,000 kuwa ko gurbi ɗaya ba su taɓa gani ba.

Akwai wani ƙulli da ya kamata Musulmi mai karatu ya sani. Umarnin shugaban ƙasa na 1950 ya ce kason Dalit na mabiya Hindu ne kawai. An shigar da Sikh a 1956, mabiya Buddha a 1990. Dalit ɗin da ya musulunta ko ya shiga Kirista ya fita daga kason, alhali maƙwabtansa ba su daina kallonsa da sana'ar kakansa ba. Kuma a faɗi gaskiya, Musulmin Indiya su ma ba su tsira daga cutar ba: akwai masu kiran kansu ashraf, masu jingina asalinsu ga Larabawa da Farisawa, akwai kuma masaƙa da mahauta da masu wanki da ake kira pasmanda, su ne mafi yawa, su ne kuma ba a cika gani a shugabancin al'umma ba.

Tunda shiga jerin "waɗanda aka bari a baya" ya zama hanyar samun aiki, sai aka wayi gari manyan manoma masu filaye suna tarzoma don a kira su koma-baya: Patidar a Gujarat a 2015, Jat a Haryana a 2016, Maratha a Maharashtra shekara da shekaru. Mafi muni shi ne na Manipur. A 2023 babbar kotun jihar ta nemi a duba buƙatar Meitei, mazauna kwari, ta shiga jerin ƙabilu, abin da zai ba su damar sayen fili a tsaunukan ƙabilar Kuki. Daga watan Mayu aka fara ƙone-ƙone, aka kashe sama da mutum 200, wajen 60,000 suka bar gidajensu.

Abin mamaki, duk wannan rabo ana yin sa ne a kan lissafin da ya tsufa. Rabon da a ƙirga kowace jati a faɗin ƙasar tun 1931, zamanin Turawan Ingila. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuma 2011 ce, da ta ba da mutum biliyan 1.21, ta 2021 an ɗage ta saboda korona, aka yi ta jan ƙafa. Mu da rabonmu da ƙidaya tun 2006 ba mu da bakin yi musu dariya. Da jihar Bihar ta yi tata ƙirgar a 2023, sai ga shi waɗanda ake ba kashi 27 sun kai kashi 63 na jama'ar jihar, manyan jati kuwa ba su wuce kashi 15.5 ba. Jihar ta ɗaga kasonta zuwa 65, babbar kotun Patna ta soke a 2024.

Jinkirin ƙidaya har tukunya yake taɓawa. Dokar abinci ta 2013 ta ba kowane mai kati kilo 5 na hatsi a wata, ta kuma ce a rufe kashi 75 na mutanen karkara da rabin na birni. Da alƙaluman 2011 aka buga lissafin, ya ba da mutum miliyan 800 da 'yan kai, kuma a nan aka tsaya ko da yake jama'a ta haura biliyan 1.4. Masana tattalin arzikin ƙasar sun ƙiyasta cewa wajen mutum miliyan 100 da suka cancanta suna waje. Wanda ke ciki ma sai ya ɗora yatsa a na'urar shagon rabo, ta haɗa shi da lambarsa ta Aadhaar mai alƙaluma 12, 'yar'uwar NIN ɗinmu. Tsohuwar da ta shekara hamsin tana yankan shinkafa, ko lebura mai ɗaukar bulo, zanen yatsunsu ya shafe. In kuma yatsa ya yi, sabis ya ɗauke. A koma gobe.

Inda takarda ta fi cizo shi ne Assam, jihar da ke iyaka da Bangaladesh. Can aka ce kowa ya tabbatar shi ko kakansa yana ƙasar kafin tsakar daren 24 ga Maris 1971, ranar da yarjejeniyar Assam ta 1985 ta tsayar. Takarda iri biyu ake nema. Ta farko ta nuna sunan kakan a rajistar 1951, ko a jerin masu zaɓe na kafin 1971, ko a takardar gona. Ta biyu ta nuna kai jininsa ne: takardar haihuwa, ta makaranta, ko makamancinsu. Mutum miliyan 33 suka nema. Ran 31 ga Agustan 2019 aka fitar da jerin ƙarshe babu sunan miliyan 1.9.

Don a gane yadda mutum ke faɗowa, a ɗauka a Mai'aduwa ko Kwangwalam ko Jibiya aka yi wannan aiki. Ga Baba Mamman: a takardar harajin ubansa an rubuta Muhammadu, a katin zaɓensa Mohammed, ɗan'uwansa da ya yi makaranta a tsallaken iyaka kuma Mahamadou. Malamin tantancewa ya ce mutum uku ne. Ga Inna, an yi mata aure tana da shekara goma sha biyar aka kawo ta daga wani ƙauye, ba ta yi boko ba, ba gona da sunanta, katin zaɓenta sunan miji ke kai. Me zai haɗa ta da ubanta a takarda? Haka ya faru da matan Assam, shi ya sa suka dogara da wasiƙar sakataren majalisar ƙauye, aka kuma yi watsi da da yawa daga cikin wasiƙun. Ƙara da cewa kogin Brahmaputra yana cinye ƙauyuka duk damina, da akwatin takardu da gonar gaba ɗaya. A kotunan tantance baƙi kuma nauyin kawo hujja a kan wanda ake tuhuma yake, ba a kan hukuma ba. Har tsohon sojan da ya yi wa Indiya aiki shekara 30 an taɓa yanke masa hukuncin baƙo a 2019, aka tsare shi.

Da jerin ya fito, sai aka ga Hindu masu yawa a cikin waɗanda suka faɗo, abin da bai yi wa jam'iyyar BJP mai mulki daɗi ba. A Disambar shekarar majalisa ta gyara dokar zama ɗan ƙasa: Hindu, Sikh, Buddha, Jain, Parsi da Kirista da suka shigo daga Fakistan, Bangaladesh ko Afganistan kafin ƙarshen 2014 an buɗe musu gajeriyar hanya. Ba a ambaci Musulmi ba. Gwamnati ta ce dokar ta tsirarun da ake zalunta a waɗancan ƙasashe ce, ba ta ƙwace wa kowa komai. A ganina ba a karanta dokar ita kaɗai, sai an ajiye ta kusa da rajistar Assam: maƙwabta biyu sun rasa takarda, ɗaya yana da ƙofar baya, ɗaya ba shi da ita. Abin da ya zaunar da matan unguwar Shaheen Bagh a kan titi wata uku cikin sanyin Delhi ke nan, ana cikin zaman ne aka yi rikicin Fabrairun 2020 da ya ci mutum 53, akasarinsu Musulmi. Al'ummar Musulmi da ta kai kashi 14.2 a ƙidayar 2011 ta samu kujeru 24 kacal cikin 543 a zaɓen 2024.

Su kansu kujerun 543 wata rigimar ce ke jira. Da alƙaluman 1971 aka raba su tsakanin jihohi, aka daskarar da rabon a 1976 don kada jihar da ta rage haihuwa ta yi asara, aka sake tsawaita shi a 2001 zuwa ƙidayar farko bayan 2026. Kudu ta rage haihuwa: a Kerala da Tamil Nadu mace ba ta kai 'ya'ya biyu a matsakaici, a Bihar uku ne. In aka sake rabo da yawan kai, Uttar Pradesh mai kujeru 80 da Bihar mai 40 za su ƙaru, nauyin Tamil Nadu mai 39 da Kerala mai 20 ya ragu. Kudun kuma ita ce ba ta jin Hindi, ita ce ta yi bore a 1965 da aka so ɗora mata harshen, ita ce kuma ke ƙorafin tana tara haraji ana kai wa arewa. Ɗan Najeriya ya san wannan waƙar, sai dai a canza sunayen jihohi.

A 2025 gwamnati ta sa 1 ga Maris 2027 a matsayin ranar sabuwar ƙidaya, ta kuma ce wannan karon za a tambayi kowa jatinsa. Aikin ba ƙarami ba ne, don an gwada a wani bincike na daban a 2011. Malamin ƙirga ya tsaya a ƙofar gida ya yi tambaya, wani ya ba shi sunan jati, wani na zuriya, wani na sana'a, wani sunan gidansu, kowane malami kuma ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Turawa a 1931 jati 4,147 suka lissafa. Na 2011 da aka tattara, sunaye miliyan 4.6 suka fito, gwamnati ta shaida wa kotun ƙoli a 2021 cewa alƙaluman ba su amfanuwa, ba a kuma taɓa buga su ba.