Gangaren da muka hana wa shanu damina biyu

Da mahaifinmu ya rasu, ya bar mana shanu 34 a hannun wani dattijon Bafulatani a gindin duwatsun Shere, gabas da Jos, 'yan'uwa kuma suka ɗora mini alhakin lura da su. Kakannin dattijon sun hau wannan tudu ne saboda sanyinsa da ƙarancin tsando, amma makiyayar da suka tarar ba ita muka gada ba, domin haƙar kuza ta bar ramuka a wani sashe, gonakin dankalin turawa da acca sun haɗiye wani, burtaloli kuma sun ƙuntata. Haka garke huɗu suka taru a kan gangare guda, rani da damina.

Kuskurena na farko shi ne ɗokin ruwan fari. Ana yin yayyafi biyu a watan Afrilu, ƙasa ta fara kore, sai na matsa a kora shanun sama don mu huta da sayen dusa da harawa. Dattijon ya ce mini, "Ɗana, ciyawar nan jaririya ce, ka bar ta ta yi ƙwari." Na ce, "Baffa, kuɗi sun ƙare." Daga baya na fahimci cewa gamba tana tofo ne da ƙarfin da ta ajiye a saiwa, kuma idan aka tsinke tofon sau uku ko huɗu a jere, saiwar kan mutu, tofa wadda shanu ba sa ci in ta tsufa ta maye gurbinta. Kofato kuma yana daddaɓe jiƙaƙƙiyar ƙasa har ruwa ya kasa shiga. A watan Agusta na tsaya a kan turbar da shanun ke bi zuwa mashaya, na ga ta zama kwazazzabo mai kai mini gwiwa, jan ruwa yana gangarowa da tsakuwa a cikinsa.

Gyaran ya fi ɓarnar wuya. Sai da ardo ya tara masu garken huɗu, aka yi ta ja-in-ja, kafin aka amince a rufe kashi ɗaya cikin uku na gangaren. Muka jera duwatsu a gicciye don su tare ruwa, muka dasa kututturan gamba a bayansu, muka karkatar da hanyar mashaya. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne sayar da shanu 9, domin a gida an ɗauka ina wasa da gado ne, alhali ragowar filin ba zai iya ɗaukar su duka ba.

A damina ta biyu gamba ta kai mini ƙirji a bayan duwatsun, ko da yake kwazazzabon bai cike ba har yau. Bana mun ajiye harawa tun kaka, kuma babu saniyar da za ta hau gangaren kafin watan Yuni.