Ranar da na gano abin da ke shan jinin kajina

Asabar, da dare.

Hannuwana har yanzu warin sabulu da toka suke yi, bayana kuma ya riƙe, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da ya faru yau, don kada mako mai zuwa in manta inda na tsaya.

Abin ya faro ne kwana goma da suka wuce. Kaji goma sha ɗaya gare ni da zakara ɗaya, kuma ƙwai bakwai ko takwas da nake ɗauka a rana sun koma uku. Na ɗora wa zafi laifi. Sai kuma suka tsiro da wani hali: rana ta faɗi, maimakon su shige akurki da kansu yadda suka saba, sai su yi cirko-cirko a bakin ƙofa, wasu su haye katanga, sai an kora su. Wadda ta tayar min da hankali sosai ita ce Wake-wake, mai kwanci yau kwana goma sha biyu. Jiya da yamma na tarar ta tashi daga kan ƙwai ta ƙi komawa, zankonta da na sani ja wur ya koɗe kamar an wanke shi. Kaza mai kwanci ba ta barin ƙwanta haka kawai.

Ƙarfe huɗu na asuba na tashi, na ɗauki tocila da farin ƙyalle. Na zura hannu a hankali na shafa ƙyallen a ƙarƙashin sandar da suke hawa su kwana, tun daga wannan bakin har wancan. Da na haska, sai ga zane-zanen jini a jiki. Na kai hasken inda sandar ta haɗu da bango, gabana ya faɗi. Wurin motsi yake yi. Wasu ƙananan ƙwari ne, ko kan allura ba su kai ba, dubbai, wasu launin toka, wasu jajaye sun cika tim, suna tururuwar komawa cikin tsagar katako. Gefen tsagar kuma wani gari-gari ne fari da baƙi kamar an barbaɗa toka, ashe kashinsu ne da saɓar da suke yi. Kafin in janye hannu har sun hau min tsintsiyar hannu.

Mu dai duk ƙuma muke ce musu, amma wannan ba mai tsallen nan ba ce. Dangin kaska ce da gizo-gizo, ƙafa takwas gare ta, kuma ba a jikin kaza take zama ba. Da rana tana maƙale a lungu da saƙon akurki, sai dare ya yi ta fito ta sha jini ta koma. Masu launin toka su ne ba su sha ba tukuna. Shi ya sa duk duban da na yi wa kajin da rana ban ga komai ba. Kuma shi ya sa suke gudun ɗakinsu. Wake-wake kuwa, da take zaune wuri ɗaya dare da rana, ita ta fi kowa shan wuya. Na tsaya a duhu ina tunanin dare nawa ta yi ana tsotsar ta tana daurewa saboda ƙwanta, sai na ji ƙwalla ta zo min.

Da gari ya waye na tashi yarona, muka riƙa kama su ɗaya bayan ɗaya. Yana riƙewa, ina buɗa gashin ƙarƙashin fiffike da kewayen dubura. Nan muka tarar da baƙo na biyu. A jikin huɗu daga cikinsu akwai ƙwarƙwata, doguwa-doguwa, launin busasshiyar ciyawa, mai gudun haske. Kana buɗa gashi ta sulale. A gindin gashin kuma ga ƙwayayenta nan dunƙule fari fat, manne kamar an shafa siminti, ko da farce ba sa ɓantaruwa da sauƙi. Na ɗauki hoton guda da waya na ƙara masa girma, muka ƙirga ƙafafu: shida. Ita wannan a jikin kaza take rayuwarta kaf, tana cin gashi da ɓawon fata, in ta rabu da jikin kuma kwanaki kaɗan ta mutu. Yaron ya fara sosa kai yana cewa, “Umma, za ta hau mu?” Na ce masa ƙwarƙwatar kaji ba ta iya zama a jikin mutum. Ƙumar ce ke iya cizo ta bar ƙaiƙayi, don haka in mun gama sai wanka da wanke kayan jikinmu.

Na kira likitan dabbobi na zayyana masa komai. Ya ce, “Hajiya, ciwo biyu ne, magani ma hanya biyu. Ƙwarƙwata a jikin kaza za ki yaƙe ta, ƙuma kuwa a jikin katako.” Ya ce in nemi hodar maganin ƙwari mai suna fametirin da ruwan feshinsa waɗanda aka rubuta a jikinsu cewa na kaji ne, in bi awon da ke kan takardar, kada in ƙara don zumuɗi. Ya ja kunnena a kan abu biyu. Na farko, in nesanta kyanwata, domin fametirin guba ne ga kyanwa, haka ma kifi da ƙudan zuma. Na biyu, kada in kuskura in ɗiga wa kaji maganin ƙumar karnuka. Da yawansu suna ɗauke da wani sinadarin kashe ƙwari mai suna fifronil, wanda ke sauka cikin ƙwai. Ya tuna min abin da ya faru a Turai a 2017, lokacin da aka yi amfani da shi a gonakin kaji a Holand da Beljiyam don wannan jar ƙumar dai, aka wayi gari ana kwashe miliyoyin ƙwai daga shaguna. Da ma a raina na so in gwada ragowar wanda ke cikin gida. Allah ya taimake ni na fara tambaya.

Yarona ya kawo shawara, wai mu kwashe kajin mu bar akurkin mako biyu babu kowa, yunwa ta kashe ƙumar. Tunani ne mai kyau, sai dai ba ya ci a kanta. Tana iya zama wata takwas a cikin tsaga ba ta sha jini ba, tana jira. In kuma ta samu jini da ɗumi, daga ƙwai zuwa babba mai yin nata ƙwan kwana bakwai ya ishe ta. Babu hanya sai a kwance ɗakin.

To, nan aikin yake. Mun kwashe shimfiɗar dusar katako duka, da ciyawar sheƙa, da kwalayen da nake sa musu su yi ƙwai, muka tara nesa muka cinna wuta. Da na yaga bakin kwali ɗaya kafin in jefa, ramukan cikinsa cike suke maƙil da ƙuma, layi-layi. Ba zan sake sa kwali a akurki ba. Muka zare sandunan kwana, muka cire kowane katako da zai ciru. Inda ya fi muni shi ne wani wuri da aka buga katako biyu ɗaya kan ɗaya; da muka raba su, tsakaninsu ja ne jawur, ga wani ƙarni yana tashi. Shekara biyu ina share ɗakin nan duk mako, ban taɓa kawo wa raina cewa akwai abin dubawa a wurin ba.

Na tafasa ruwa tukunya uku, domin zafin da ya wuce digiri 45 yana kashe ta har da ƙwayayenta. Na riƙa kwarara shi cikin kowace tsaga, yaron yana bi da buroshi da ruwan sabulu. Muka jera katakan a rana. Sai da komai ya bushe ƙayau bayan azahar sannan na ɗaura takunkumi, na sa safar hannu, na yi feshi. Ban ɓata shi a tsakiyar bango ba. Mahaɗa na bi, da ramukan ƙusa, da ƙarƙashin rufi, da bakin sanduna. Kwanukan ruwa da na abinci tuni na fitar da su. A ƙarƙashin rufin ne na ga tsohuwar sheƙar tsuntsaye, na cire na toshe ƙofar. Tsuntsayen daji da ɓeraye suna kawo ƙuma. Ƙwarƙwatar kuwa ina zargin kaji biyun da na shigo da su wata guda da ya wuce, na haɗa su da sauran ranar da suka zo. Ya kamata in ware su mako biyu ko uku in duba jikinsu tukuna. Wannan sakacin nawa ne, kuma su suka ɗanɗana kuɗarsa.

Da la'asar muka koma kan kajin. Na riƙa barbaɗa hodar ina cusa ta da yatsu har ta taɓa fata, a ƙarƙashin fikafikai, da ƙirji, da kewayen dubura, ina kare ido da baki. Duka na yi wa, har waɗanda ban ga komai a jikinsu ba. Gashin da ƙwayaye suka yi wa yawa na datse da almakashi na jefa a wuta, tunda hodar ba ta kashe abin da bai ƙyanƙyashe ba.

Zakaran ne ya zo da nasa daban. Ɓawon ƙafarsa ya ɗaga ya yi kaushi kamar tsohon icce. Baƙo na uku ke nan, wata ƙuma ce da ido ba ya gani, tana haƙa ƙarƙashin ɓawon. Na jiƙa ƙafafun a ruwan ɗumi, na tsane, na shafe su da man basilin mai kauri ina turawa sama don ya shiga ƙarƙashi ya toshe mata numfashi. Hannuna ya so ɓare ɓawon, na hana kaina. Jini zai yi. Sai dai a yi ta shafawa bayan kwana biyu-biyu har sabo ya fito.

Kafin duhu na cika wani faffaɗan baho da busasshen yashi da tokar icce da na tankaɗe, na ajiye inda ruwan sama ba zai taɓa ba, saboda jiƙaƙƙiyar toka tana ƙona fata. Ko minti biyar ba a yi ba uku suka faɗa ciki suna birgima, suna watsa ƙura da fikafikai, ido a lumshe. Na daɗe ina kallonsu.

Ƙwan Wake-wake tara ne. Na shiga ɗaki mai duhu na haska kowanne da tocila. A shida na ga jijiyoyin jini da ɗan duhu yana motsi, uku shiru. Na sa shidan a sabuwar sheƙa cikin robar da na wanke, nesa da akurkin, na ɗora ta a kai. Ta tsaya tana dube-dube, ta juya ɗaya da baki, ta juya wani, sannan ta baje ta zauna. Saura kwana tara su cika ashirin da ɗaya.

Na rubuta a kalanda: Asabar mai zuwa hoda da feshi karo na biyu, wadda ke biye karo na uku, don tarbar waɗanda za su ƙyanƙyashe.

Ɗazun nan, wajen ƙarfe goma, na koma da tocila da sabon farin ƙyalle. Bakwai sun shiga da kansu, sauran sai da na ɗauke su na sa. Na shafa ƙarƙashin sandar daga baki zuwa baki. Ɗigo biyu na gani, can wajen ƙarshen da ke jikin bango. Na yi wa wurin alama da alli, gobe da safe nan zan fara.